Hotunan Dindir da Na Manna da Ƙaro

A gidanmu mu uku ne mata, kuma babu wadda ke kiran sunan Yaya a cikinmu. Ni ƙanwarsa ce, autar gidan, sai dai in ce Yaya. Matarsa in ta ce “shi”, kowa ya san wanda take nufi. Inna kuwa ɗanta ne na fari, to zance ya ƙare. “Wancan” take ce masa, ranar da take cikin nishaɗi ta ce “mai arabiyya”, saboda mota yake tuƙawa tsakanin ƙauyenmu da Sinja. Tun da Baba ya rasu, sunan Yaya na yanka sai a bakin abokansa muke jin sa, in sun tsaya a ƙofar gida da safe suna ƙwala masa kira.

Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare musu a bakin kogin nan, suka kafa bukka suka ce sai baɗi, har yau muna jiran baɗin. Abubuwa da yawa sun zube mana a hanya, Hausar yaranmu ma rabi Larabci ce, amma kunyar ɗan fari ta iso lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Inna ba ta kallon Yaya ido da ido, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ni ce wayar da ke tsakaninsu. Suna zaune a tsakar gida, taku uku ne tsakani, sai ta dube ni ta ce, “A hwaɗa ma wancan ɗakin baya na zuba.” Shi kuma ya dube ni ya ce, “A ce ma Inna halas, gobe in sha Allahu.” In ce musu ni fa malamar makaranta ce, ba tafinta ba. Su yi dariya, kowa yana kallon wani gefe.

Ina tsokanarsu, amma a raina abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni har na yi girma ina kwanciya a cinyar Inna tana yi mini kitso. Maƙwabtanmu Larabawa ina ganin uwa ta rungume ƙaton ɗanta mai gemu a tsakiyar kasuwa, ta sumbaci kansa, babu wanda ya ce uffan. Sai in dawo gida in tarar Yaya ya shigo da gajiyar hanya, Inna ta miƙe ta shige ɗaki kamar an ce ga baƙo.

Wata rana muna ɓarar gyaɗa, Inna take ba ni labarin mahaifinta. Ta ce yana zuwa neman zuma a gefen dajin Dindir, yana dawowa da labarin ɓauna, wai in ta fito daga ciyawa sai ka ɗauka ɗaki ne ya tashi tsaye. Ta ce ga shi ta tsufa, dajin bai kai tafiyar yini guda ba, amma ko jelar ɓauna ba ta taɓa gani ba. Yaya yana can gefe yana alwala, bai ɗaga kai ba. Sai da aka gama girbin dawa, hanya ta bushe, ya kira ni ya ce, “A ce ma Inna ta shirya, Juma’a za mu rihla, yawon buɗe ido.” Na tambaye shi ina. Ya ce wurin ɓauna.

Mu huɗu muka tafi, shi da matarsa a gaba, ni da Inna a baya, don ta ce ko za a yanka ta ba za ta zauna kusa da direba ba. A sansanin ma’aikatan gandun dajin aka haɗa mu da wani dogon mutum mai bindiga a kafaɗa. Ya ce mota iyakarta nan, in muna son ganin namun daji sai a ƙafa, ta cikin busasshen kogi, har zuwa wata fadama da suke kira maya. Ya dubi Inna ya ce, “Ya Hajja, za ki iya?” Ta ce masa ta yi noman auduga tun uwarsa ba ta yi aure ba.

Tafiyar ta fi awa biyu. Yashi fari fat, ƙafa tana nutsewa, goruba jere a gaɓa hagu da dama. Mai bindiga a gaba, Yaya a bayansa, sai Inna, sai ni da matar Yaya a ƙarshe muna haki muna ƙorafi. Mun ga gwaggon biri garke guda, sun zauna a kan hanya suna kallonmu kamar mu ne aka kawo musu su gani. Mun ga gadu ya ɗaga jela ya arce, mun ga zabin daji ba iyaka. Yaya yana ta ɗaukar hoto da wayarsa. Duk sanda ya juyo da ita wajen Inna, sai ta ja tob ɗinta, wato mayafinta, ta rufe rabin fuska, ko ta juya tana duban bishiya, don kallon wayar kallonsa ne. A wani wuri ya miƙo mini wayar ya ce in riƙe, yashi ya cika masa takalmi. Ya cire takalman ya ci gaba da tafiya ba takalmi, ni kuma ina biye, yatsana ya danna abin ɗaukar hoto ban ma sani ba.

A bakin fadamar muka ga ɓauna. Suna can nesa, baƙaƙe wuluk, sun fi goma, tsuntsaye farare a kan bayansu. Mai bindiga ya ɗora yatsa a baki. Yaya ya miƙa hannu yana nunawa, yana murmushi har kunne, yana raɗa mini, “A ce ma Inna ga su can, ga su can.” Da za mu juyo, mai bindiga ya karɓi wayar ya ce mu tsaya gindin wata tsamiya ya ɗauke mu gaba ɗaya. Ya ce, “Ya Hajja, matso kusa da ɗanki.” Inna ta zagaya ta koma can ƙarshe, ta sa ni da matar Yaya a tsakani, ta sunkuyar da kai. Mutumin ya yi ta dariya yana cewa bai taɓa ganin uwa mai gudun ɗanta ba. A mota na tambaye ta yaya ta ga ɓauna. Ta ce, “Kwayyis, da kyau. Ƙatuwa ce.”

Bayan mako guda Yaya ya wanko hotunan a Sinja, guda ashirin da bakwai, ya zuba su a ambulan tare da gashin zabo biyu da ƙayar beguwa da ya tsinto a yashi. Ya ba ni ya ce tunda ni ce mai ilimin gidan, in shirya su a littafi, in rubuta bayani a ƙarƙashin kowane. Na ce to. Na jefa ambulan ɗin a ƙasan akwati, na ce sai hutun makaranta. Hutu huɗu suka zo suka wuce, yana tambaya ina ce masa ya cika gaggawa.

Sai yaƙi ya iso mana. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, kowa a ƙasar nan yana da nasa. Mun fita da kayan jikinmu. A hanya wasu masu bindiga suka karɓe motar da wayoyinmu duka, muka ƙarasa Damazin yadda Allah ya yi, aka sauke mu a wata makaranta, iyali shida a aji ɗaya. Wata na uku amai da gudawa suka shigo wurin. Yaya ya kwanta ranar Talata, ranar Alhamis da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai. Matan da muke zaune tare, yawancinsu Larabawa, suka zo gaisuwa irin tasu, tun daga ƙofa suke ɗaga murya, su rungume ki ku yi kuka tare. Ni da matar Yaya mun yi kuka har murya ta dushe. Inna tana zaune a kusurwa da carbi, ido a bushe. Duk wadda ta faɗa jikinta tana kuka, sai ta bubbuga mata baya ta ce, “Haƙuri, na Allah ne.” Da azahar ma tashi ta yi ta ɗora tukunya, wai baƙi ba su ci komai ba. Wata mata ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali, “Ita ta haife shi kuwa?” Na ce ita ce. Kunya ta kama ni, sannan haushi ya biyo baya, kuma haushin nan bai sake ni ba har muka koma gida.

Da hanya ta buɗe muka dawo ƙauye, ni da Inna kaɗai, don matar Yaya ta gama takaba ta koma wurin iyayenta a Managil. Gidan an kwashe shi tas, har ƙofar ɗaki an cire. Akwatina yana tsakar ɗaki a buɗe, babu ko ɗankwali, amma ambulan ɗin yana ƙasa, ba wanda ya ga amfaninsa. Gara ta ɗan ci gefe ɗaya. Na zauna a ƙasa na buɗe, na ga gashin zabo, na yi kuka mai isata. Duk duniya ba mu da sauran hoton Yaya sai abin da ke cikin takardar nan.

Na samo wani babban daftar, littafin rubutu mai bango mai kauri, a makaranta. Gam babu a kanti, sai na jiƙa ƙaro a finjalin shayi ya kwana, ya yi kauri, na fiƙe tsinke na shafawa. Kullum bayan la’asar in shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya in baje hotunan. A nan na gane Yaya direba ne na ƙwarai amma ba mai ɗaukar hoto ba ne. Ɓaunar da muka sha wahala dominta ta fito kamar ƙudaje a kan tuwo. Gadu jelarsa kawai aka samu. Na manna su haka nan, na rubuta bayani da Larabci a ƙasa, na liƙa gashin zabo a shafin farko, ina korar tururuwa da ke bin zaƙin ƙaron. Guda tara da suka fito a karkace ko dishi-dishi na ware su, na sa a kan katangar madafa, na ce sa yi amfani wajen hura gawayi.

Shi mai ɗaukar hoto ba ya fitowa a hoto. A cikin ashirin da bakwai ɗin nan, fuskar Yaya a guda ɗaya take, na gindin tsamiya. Yana wannan ƙarshe yana dariya, Inna tana wancan ƙarshe kai a sunkuye, ni da matarsa a tsakiya mun yi ƙerere. Kwana uku ina kallon hoton nan ina jin zafi. Ina son in ga uwar nan da ɗanta a wuri ɗaya ko sau ɗaya ne, tunda a raye ban gani ba. Kuma in faɗi gaskiya, ina son ita ma ta gani, ta ji abin da nake ji. Rana ta huɗu na ɗauko almakashi. Na yanke hotona, na yanke na matarsa, na matso da Inna har kafaɗarta ta hau kan tasa, na shafa ƙaro da yawa na danne da tafin hannu. A ƙasa na rubuta cikakken sunansa, karo na farko da hannuna ya taɓa rubuta shi. Da ya bushe na ga ya yi kyau, har na yaba wa kaina.

Na same ta tana tsince wake a faranti. Na buɗe shafin na ɗora mata a cinya. Idonta ya yi rauni, sai da ta kawo daftar ɗin dab da fuska. Tana ganewa ta janye kai kamar ta taɓa wuta.

“Mi kinka yi haka?”

“Na haɗa ku ne, Inna.”

“Wa yac ce ki haɗa mu? Cire.”

A nan na zubar da abin da na daɗe ina tarawa. Na ce, “Haram, Inna, wallahi haram. Shekara arba’in da biyu kina gudunsa. Ya mutu ko ɗigon hawaye ba ki zubar masa ba, har ana tambayata ko ke kika haife shi. Yanzu a takarda ma ba za ki iya tsayawa kusa da shi ba? Me ya yi miki?” Muryata har waje ana ji. Ban taɓa yi mata magana haka ba tun da aka haife ni.

Ta ajiye farantin, ta sa farcen babban yatsa a gefen hotonta ta fara ɓamɓarewa. Ƙaron ya kama sosai, takardar ba ta fita da daɗi, sai yagewa take yi ƙanana ƙanana. Tob ɗinta ya fita, fuskarta ta fita, ya rage farin tabo. Da ta iso inda kafaɗarta ta hau kan tasa, sai ta rage sauri, ta jiƙa yatsa da yawu, ta bi a hankali har ta cire nata ba ta ƙwarzane nasa ba. Ta miƙo mini daftar ɗin, ta ɗauki wakenta. Na shiga ɗaki na jefa shi a kan gado.

Kwana shida muna gaisuwar safe kawai. A da ni ce mai kai saƙo tsakaninta da Yaya, yanzu ni da ita babu mai kai mana. Ina dafa abinci in ajiye mata, ta ci ta wanke kwanon. Na san na yi laifi, amma ina ganin nata ya fi nawa, don haka na ƙi sauka.

Rana ta bakwai aka tashe mu da wuri a makaranta, na dawo tun hantsi bai gama ba. Na yi sallama ba a amsa ba. Na zagaya bayan ɗaki, sai na hango ta zaune a kan gadon igiya, ta ba ni baya, ta riƙe wani abu dab da ido. Hoto ne, ɗaya daga cikin taran da na ware don hura wuta, har gefensa ya yi baƙin gawayi. Ta ji motsina ta yi kamar za ta tura shi ƙarƙashin cinya, sai kuma ta fasa. Na zauna kusa da ita na leƙa.

Wanda yatsana ya ɗauka ne bisa kuskure. A karkace yake, rabinsa yashi. Yaya yana can gaba, ya ba da baya, farar jallabiya, takalma a hannu, ƙeyarsa tana sheƙi da gumi. Ni abin da na gani ke nan ranar da na ware shi, hoton da babu fuska. Ban lura da gefen dama ba. Inna ce a wurin, an ɗauko ta ta gefe, tob ya zame ya sauka a kafaɗa, kai a ɗage, ido a buɗe tar a kan bayansa. Ban taɓa ganin wannan fuskar a tare da ita ba, ko a kaina ba ta taɓa yin ta ba.

Ta ce, “Wanga za ki ƙona?”

Na sunkuyar da kai, ita kuma ta ci gaba.

“Rannan duk kuna kallon namun daji, ba mai kallona. Shina gaba, ina baya, tun daga arabiyya har bakin ruwa. Inda yac cire ƙahwa nan nike sa tawa. Na dube shi, na dube shi, ba wanda yac ce mani komi. Tun shina goye ban samu rana irin wagga ba.” Ta goge baƙin gawayin da bakin tob ɗinta. “Shi kau ya sani. Ba ki ga ko sau guda bai waiwayo ba sai in zai ɗaga waya? Sai ya yi gyaran murya tukuna.”

Na tuna gyaran muryar. Na ɗauka ƙura ce ta shaƙe shi.

Na ce, “Ɓaunar fa, Inna?”

Ta ce, “Ban gan ta ba. Shina nunawa shina dariya, ni ina zan ga wata ɓauna.”

Hawaye suna bin kumatunta suna ɗiga a kan tob, ba ta share ba, ba ta kuma yi sauti ba. Ni ce na ɓarke da kuka, na kifa kai a cinyarta ina cewa ta yafe mini. Ta dafa kaina ta ce in tashi, na yi girma da wannan, sannan ta ce in ɗauko mata daftar ɗin.

Na ɗauko. Na ce bari in jiƙa ƙaro in manna wannan a shafin ƙarshe. Ta girgiza kai, ta zura hoton a cikin rigarta, ta ce littafi kowa yana buɗewa. Ta yi ta juya shafuka har ta kai inda Yaya yake tsaye shi kaɗai yana dariya, da farin tabo a gefensa. Fuskar ba ta kalla ba, sai ta ɗora yatsa a kan rubutun da ke ƙasa. Inna ba ta iya karatun boko ba, na Larabci ko na wani.

“Nan mi kinka rubuta?”

“Sunansa ne.”

Ta bar yatsan a kan rubutun. Sai a lokacin na lissafa cewa tun ranar da aka sallace shi a Damazin kunnenta bai ƙara jin sunan nan ba. Abokan da ke kira a ƙofar gida sun warwatse, waɗanda suka dawo kuma ba su da wanda za su kira.

Ta juyar da fuska wajen katanga ta ce, “To, ke mai ilimi. Karanta in ji ko kin rubuta daidai.”

Na karanta a hankali, don ni ma ban saba ba.

Ta ce, “Ban ji ba. Ƙara.”